Mai garka da uwargida: me zai hana su ƙulla abonema ta wayar salula?

Kowace shekara, da zaran sanyi ya fara ja da baya, wato daga watan Fabrairu zuwa Maris, kuka iri guda muke ji daga bakin masu noman rani da ke bugo mana waya ko suke aiko mana da saƙon murya a filin manoma na gidan rediyo. Na Jiratawa ya kira, na Madarunfa ya kira, na Gidimuni da na Tabalak su ma su aiko, kuma duk maganar ba ta wuce cewa kaya sun yi kyau amma kasuwa ta faɗi ba. Mutum ya share wata 3 yana ban ruwa safe da marece, ya sayi iri da taki da magani, ya zuba esansi ko gaz a inji, ya tsinko tomatinsa, ya biya amalanke ko mota, sai ya iso kasuwa ya iske kowa ma tomati ya kawo. Dillali ya taya abin da ya ga dama. Mai kaya ba shi da bakin musu, domin tomati da salati ba hatsi ba ne balle ya maida su rumbu ya jira farashi ya tashi. In rana ta take, ko ya sallama ko ya zubar. Mai ƙoƙari ne ke yankawa ya shanya kauɗa don ya tsira da wani abu.

Bayan wata 4, in damana ta kankama, sai kukan ya koma gidajen birni. Tomatin da aka bar wa awaki a watan Maris shi ne ake ƙirga wa uwargida ɗai-ɗai a watan Yuli, kuma a Yamai mafi yawan wanda ake samu a lokacin daga ƙasashe maƙwabta yake shigowa, kamar Najeriya da Burkina Faso. Kuɗin cefanen da maigida ya saba badawa ba ya kai ko'ina, sai a koma ga tomatin gwangwani da na leda. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, sau da yawa tazarar da ke tsakanin mai garkar nan da uwargidar nan ba ta kai kilomita 15 ba, kowanensu na da wayar salula a hannu, amma ba wanda ya san sunan ɗan uwansa. Wannan ne ya sa a yau muke son mu jawo hankalin masu karatu a kan wata dabara, wato abonema na kayan garka. Ma'ana, gida ya yi alƙawari da masu noma cewa kowane mako za a kawo masa kwandon kayan miya, ya biya kuɗin wata tun farko, sauran tsari kuma a riƙa yin sa ta waya.

Kada kowa ya ce wannan abin Turawa ne. Kalmar ce kawai muka aro daga Faransanci. Tun zamanin kakanninmu akwai ƴar Fulanin da ke kawo nono gida guda kowace safiya, ba a tayawa, ba a musu. Akwai ga-ruwa da ke cika randuna kullum, sai ƙarshen wata a sallame shi. Gwauraye da ɗaliban da ke zaman birni suna da mai tuwon da suke biya a wata. Yau iyaye da yawa a Maraɗi da Damagaram suna da ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita da ke kai yara lakwal yana maido su, a biya shi wata-wata. Har tashoshin talabijin na tauraron ɗan adam muna biyan kuɗinsu kafin mu kalla, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce sai ya ga wasan tukuna zai biya ba. To, in har mun yarda mu biya ƙwallon Turai tun ba a buga ba, me ya sa za mu ƙi biyan kayan miyar da ɗan uwanmu ke nomawa a bayan gari?

Wasu ƙasashe sun riga mu tsara abin. A Japan, tsakanin shekarun 1960 da 1970, matan birane da suka tsorata da yawan maganin ƙwari da gubar masana'antu a cikin cimaka suka haɗa kai suka nemi manoma kai tsaye, suka yi musu alƙawarin sayen abin da suka noma muddin za su noma shi da tsabta. Sunan tsarin teikei, wato haɗin gwiwa, kuma ƙungiyar masu noma ba da sinadarai ba da aka kafa a ƙasar a 1971 ta ɗauke shi ya zama hanyarta. A birnin Janeba na Suwizalan an kafa irin wannan garka ta haɗin gwiwa a 1978. A Amurka gonaki 2 ne suka fara a 1986. A Faransa kuwa sai a 2001, lokacin da wasu manoma miji da mata, Daniel da Denise Vuillon, da ke da gona kusa da birnin Tulon a kudancin ƙasar, suka ƙulla yarjejeniya da wasu iyalai na garin Obanyi. Daga nan aka samu ƙungiyoyin da ake kira AMAP, waɗanda manufarsu ita ce riƙe ƙananan manoma kada su durƙushe, kuma yawansu ya haura 2.000 a faɗin ƙasar.

Yadda suke yi ba shi da wuyar ganewa. Ana sa hannu a takarda ta wata 6 ko shekara guda. Mai saye ya ba da kuɗi tun farko, yawanci ta hanyar cek ɗin banki da ake cirewa wata-wata. Akwai rana guda a mako da wuri guda da manomi ke kawo kaya, su masu sayen ne kuma ke karɓa-karɓa wajen rabo. Farashi ana zama ne a yanke shi bisa abin da manomi ya kashe da ladan guminsa, hawa da saukar kasuwa ba su taɓa shi. Abin lura a nan, duk waɗannan ƙungiyoyi sun fara ne tun intanet ba ta shiga aljihun mutane ba. Daga baya ta zo ta sauƙaƙa rajista da biya da sanarwa, kuma a 2020, da annobar korona ta kulle mutane a gida, jama'a da yawa a Turai da Amurka sun ruga wurin irin waɗannan gonaki ta intanet. Ke nan alƙawari ne ke riƙe da tsarin, ita waya ɗan aike ce. Wanda ya manta da wannan ya ruga sayen kwamfuta, to ya fara gini daga rufi.

Mu duba abin da mai garka zai ƙaru da shi. Na farko, kuɗi a lokacin da yake bukatarsu. Wahalar mai noman rani tana farawa ne tun watan Oktoba da Nuwamba, lokacin sayen iri da taki da gyaran inji ko yashe rijiya. In ba shi da shi, wurin ɗan kasuwa yake zuwa ya ci bashi bisa sharaɗin shi zai sayar wa amfanin, kuma a farashin da mai kuɗin ya so. Wannan ne manoma suka raɗa wa suna "a ci ba daɗi", kuma sunan kaɗai ya isa bayani. Ga masu hatsi da wake an samu sauƙi tun daga 1999, da aka shigo da tsarin warantaji tare da taimakon hukumar FAO, inda manomi ke jingine buhunansa a sito ya karɓi rance har farashi ya tashi. Amma ba wanda zai karɓi jinginar salati. Mai kayan ɗanye ba shi da abin jingina sai alƙawarin mai saye.

Na biyu, kuma a ganinmu shi ne mafi girma, manomin da ya san gidaje nawa ke jiransa kowane mako zai sake yadda yake shuka. Abin da ke karya kasuwa a watan Maris shi ne kowa ya dasa abu guda a lokaci guda, ya nuna a lokaci guda. Mai abonema kuwa dole ya raba garkarsa: fangali kaza na tomati, kaza na shu, kaza na karoti, ga yalo, ga tattasai, ga albasa mai lawashi, kuma ya riƙa dasawa kowane mako 2 don kaya su riƙa nuna bi da bi. Mun daɗe muna jin malaman gona na ba da wannan shawara a rediyo, amma manomi ba zai bi ta ba matuƙar bai san wa zai saya ba. Na uku, kayan da zai ɗora wa mota an riga an saye su, ba zai tsaya a rana yana roƙon a taya ba.

Ita ma uwargida tana da nata rabon. Za ta samu kayan da aka tsinko da safiyar nan, a farashin da ba ya canzawa don an ga azumi ya matso. Sa'an nan za ta san wanda ya noma abin da ɗiyanta ke ci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Magungunan ƙwari marasa izini sun cika kasuwanninmu, cibiyar RECA da ke haɗa majalisun manoma na jihohi ta sha yin gargaɗi a kansu, kuma akwai masu fesa magani yau su tsinka gobe, alhali kowane magani na da kwanakin da ya kamata a jira. A Yamai an daɗe ana magana a kan garaken da ake ban ruwansu da ruwan magudanar Gunti Yena. A kasuwa ba yadda za a yi a bambanta salatin nan da wancan. Amma manomin da ya san matar malamin lakwal ɗin da ke koyar da ɗansa ce za ta wanke salatin nan, kuma tana da lambarsa, tana iya zuwa garkar ranar Lahadi ta gani da idonta, zai yi tunani kafin ya fesa.

Sai dai akwai wani sashe na tsarin Turawa da bai kamata mu kwaso yadda yake ba. A can, mai saye ya yarda ya raba asara da manomi: in ƙanƙara ta ɓata gona, kwando ya ragu, ba a maido kuɗi. A nan wannan ba zai yiwu ba. Ma'aikacin da ya tsakuro jikka 8 daga albashinsa ba zai iya jin cewa tsutsa ta cinye su ba. Kuma tsutsar ba tatsuniya ba ce, mun tuna yadda wadda ake kira Tuta absoluta ta share gonakin tomati a arewacin Najeriya a 2016. Ban da haka akwai maganar addini. Biyan kuɗi tun farko a karɓi kaya daga baya ciniki ne da shari'a ta sani, shi ne cinikin salam, amma malamai sun gindaya masa sharuɗɗa: a san irin kayan, a san awonsu, a san wa'adin badawa, kuma kada a ɗaura cinikin a kan amfanin wata ƴar garka guda, domin tana iya lalacewa a rasa abin biya. Haka kuma malaman Malikiyya sun halatta sayayya daga mai sana'ar da ba ta yankewa, kamar mai burodi ko mahauci, a riƙa karɓar awo sananne kowace rana. Da ka'idar malamai da hankalin kasuwa duk wuri guda suke nuna mana: a ƙulla abonema da ƙungiyar masu garka, in ta wani ta gaza ta wani ta cike, kuma a faɗi abin da kwando ya ƙunsa ƙarara, tomati kilo kaza, albasa kilo kaza, ganye dami kaza. In kaya ba su samu ba, a maido kuɗin makon ko a ɗaga shi zuwa mako na gaba.

Bari mu buga misali da lissafi, kowace ƙungiya kuma ta sa nata alƙaluman. Mu ɗauka masu garka 10 ne a ƙauye guda, suka samu gidaje 40 a birni. Kowane gida na karɓar kwando 1 a mako na jikka 2, wato jikka 8 a wata. Gidaje 40 sun tara jikka 320 ke nan. A cire jikka 40 na mota da ladan yaron da ke rabo, a ajiye jikka 20 a asusun ko-ta-kwana, saura jikka 260, kowane manomi ya tashi da jikka 26 a wata. Ba dukiya ba ce, kuma ba riba ce zalla ba, tun da akwai kuɗin mai da taki a ciki. Amma kuɗi ne da ya san ranar shigowarsu, kuma sauran amfanin garkarsa yana nan, zai kai shi kasuwa kamar yadda ya saba. Bambancin shi ne wannan karon ba da yunwa zai tsaya gaban dillali ba, yana iya cewa albarka.

Ina aikin waya a ciki? Ba a bukatar wani shafin intanet mai tsada. Gurup guda na WhatsApp ya isa. Da yake mafi yawan manyanmu a karkara ba su karanta boko ba, saƙon murya shi ne takardarsu, kuma sun riga sun iya shi. Kwana 2 kafin rabo, sakataren ƙungiya ya ɗauki hoton abin da zai shiga kwando ya aika. Mai tafiya ya faɗi da wuri a ɗaga masa. Mai suna ko biki ya ce a ninka masa. Wanda aka kai wa ruɓaɓɓe ya ɗauki hoto ya sa a gurup kowa ya gani, a musanya masa. Biya kuma ga Nita, ga Amana, ga Airtel Money da Moov Money, waɗanda ko tsohuwa a ƙauye ta san su saboda aiken ɗiyanta da ke ci-rani. Saƙon da ke shigowa bayan an tura kuɗi shi ne rasit, ba mai cewa na ba ka, wani ya ce ban gani ba. Duk da haka kada a yar da kaye da biro, domin rezo na yankewa, waya na faɗawa rijiya.

Game da rabo, kai wa kowane gida har ƙofa zai cinye ribar a kuɗin esansi, balle ma unguwanninmu da sai an yi ta kwatance da masallaci da bishiya. Gara a zaɓi wuri guda mai inuwa, kamar ƙofar ma'aikata ko lakwal ko shagon wata mata a unguwa, kowa ya aiko yaro ya ɗauka. Kuma tun da ba kowane gida ke da firigo ba, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi, zai fi kyau a raba kwandon biyu, a kawo sau 2 a mako in hanya ba ta da nisa. Wurin farawa mafi sauƙi shi ne inda mutane ke ɗaukar albashi rana guda kuma suka san juna: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, ma'aikatan banki da na kamfanoni. Bayansu sai masu gidajen abinci da masu tuwo-tuwo, waɗanda kullum sai sun sayi kayan miya ko da tsada ko da araha.

Muna da gargaɗi guda a nan. Ranar da abin ya fara tafiya, za a ga masu zuwa da kwat da kwamfuta suna cewa a ba su su riƙe sunayen masu saye da kuɗin, su ɗauki kaso. Wanda zai yi aiki na gaske, ya ɗauko kaya ya raba, ya cancanci ladansa. Amma lambobin masu saye da asusun kuɗi su tsaya hannun ƙungiyar manoma. In ba haka ba, an canza dillalin kasuwa da dillalin intanet, manomi na nan inda yake.

Mun san akwai masu ja, kuma maganganunsu na da nauyi. Wasu za su ce talaka ba ya iya biyan wata gaba ɗaya. Gaskiya ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne, kuma mafi yawan jama'a ma ba su da albashin, cefanen yini suke yi da abin da safiya ta kawo. Ba mu ce tsarin na kowa da kowa ba ne daga ranar farko. Amma ana iya yin ƙaramin kwando na jikka 1, a biya mako-mako, ko maƙwabta 2 su haɗa su raba. Wanda ke shakkar cewa matanmu za su iya riƙe zubi na mako-mako, ya tuna da Mata Masu Dubara. A jihar Maraɗi aka fara wannan tsari na asusu a 1991 tare da ƙungiyar CARE, da matan karkara waɗanda yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na duniya. Matan da suka koya wa duniya asusu ba za su kasa riƙe lissafin kwandon kayan miya ba.

Magana ta biyu ita ce amana, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ranar da tomati ya yi tsada, zuciya za ta raya wa manomi ya karkatar da kayan zuwa kasuwa ya ce wa masu abonema garka ta ƙone. Ranar da ya yi araha, maigida zai ga maƙwabcinsa ya cika buhu da kuɗin da shi ya sayi kwando, ya ce an cuce shi, ya janye. In kowane ɓangare zai riƙe alƙawari ne kawai ranar da yake cin riba, to kada ma a fara. Dole tun farko kowa ya gane cewa wata rana shi zai ɗauki nauyi, wata rana a ɗaukar masa. Abin da zai taimaka shi ne a yanke farashi tsaka-tsaki, a sake zama kowane wata 3 a duba shi, a fara da yarjejeniyar wata 1 kafin a tsawaita, a kafa shaidu kamar maigari da liman da mai unguwa. Kuɗi kuma kada su kwana a aljihun mutum guda. Mun ga ƙungiyoyin manoma da yawa da suka watse saboda shugaba ya haɗa asusu da aljihunsa. A sa mutum 3 a kan asusun, kuma kowane ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita da murya a cikin gurup.

Magana ta uku iyayenmu mata ne za su tayar da ita, kuma muna goyon bayansu. Kuɗin cefane ba na miya kaɗai ba ne. Daga ɗan canjin da ya rage ne mace ke zubin adashi, ta sayi sabulu, ta kai gudummawar biki. In maigida ya biya abonema ta wayarsa sa'an nan ya ce ya gama da cefane, to mun gyara garka mun ɓata gida. Saboda haka abonema ya zama da sunan uwargida, lambarta ce a gurup, ita ke faɗin abin da take so a ƙara ko a rage, domin ita ta san tukunyarta. Mu kuma maza mu tuna cewa kwandon ganye bai ɗauke nama da mai da gishiri da itace ba.

Ta huɗu, ina makomar matan da ke kasa kayan miya a tebur a bakin titi da cikin unguwa? Kada a ture su. Su ne suka fi kowa sanin wane gida ke biya, wane gida ke da baki goma sha. Su ya kamata a ba riƙon wurin rabo, a yanka musu lada a kan kowane kwando, su ci gaba da sayar da nasu a gefe. Dillalai ma ba za su rasa aiki ba, domin gidaje 40 ba za su shanye garaken gari ba.

Ta biyar ita ce bazara. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi na ƙona fure, rijiyoyi na ja da baya, salati da shu sai a hankali. Shawararmu, a fara da lokacin da aka tabbata, daga Disamba zuwa Afrilu. In amana ta zauna, sai a tsawaita da kwandon da ya dace da lokacin: zogala da ake samu kusan duk shekara a wurare irin su Jiratawa, alayyahu, kuɓewa, yakuwa, rama da kabewa in damana ta sauka, a haɗa da albasar da aka adana a rudu, da busasshen tattasai, da kauɗa. A nan ne ma tomatin watan Maris zai samu mafita. Matan ƙungiya su shanya shi da tsabta bisa tabarma ko raga, nesa da ƙasa, sun san akwai gidajen da suka riga suka biya shi don watan Yuli.

Kada kuma mu yaudari kanmu. Wannan dabara ba za ta kwashe albasar Galmi da Tsarnawa da Madawa ba, wadda manyan motoci ke ɗauka zuwa Gana da Kodebuwa. Wancan ciniki ne na daban, da nasa matsalolin. Muna magana ne a kan mai ƴar garkar da ba ta kai eka guda ba, a gefen Gulbin Maraɗi, ko kewayen Mirriya da Matamai, ko bakin kogin Isa. Amma shekarun nan sun koya mana darasi. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Takunkumin CEDEAO ya sake toshe hanyoyi daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024. Duk lokacin da haka ta faru, mai kayan ɗanye ne ke fara ji a jikinsa, birni kuma ya rasa abin da ya saba samu daga waje. Cinikin da ke tsakanin Jiratawa da unguwar Zariya a Maraɗi ba ya bi ta kan iyakar kowa.

Don haka muna kira ga magabata. Magadan gari su ware rumfa mai inuwa a unguwanni don rabon kayan, kada kuma a bi ƙungiyar da ke tatata da tikitin haraji tun ba ta tsaya da ƙafarta ba. Majalisun manoma na jihohi da RECA, wadda tuni take amsa tambayoyin manoma ta waya da WhatsApp cikin harsunan gida, tare da tarayyar ƙungiyoyin masu garka ta FCMN-Niya, su fito da takardar yarjejeniya mai shafi guda, da Hausa da Zabarmanci, da boko da ajami, bayan an nuna wa malamai ita. Malaman gona su taimaka da jadawalin dashe bi da bi na kowane yanki. Kamfanonin aika kuɗi su duba yadda za su sassauta wa irin waɗannan ƙungiyoyi, tun da ciniki ne da zai riƙa dawo musu kowane wata. Mu ma ƴan rediyo muna da laifinmu. Mun daɗe muna karanta farashin kasuwanni muna jajanta wa manoma, alhali a fili guda mai garka da uwargida ke saurarenmu. Ya kamata mu buɗe musu layi su ji muryar juna, kuma mu bi diddigin ƙungiyoyin da suka gwada, mu faɗi inda suka yi nasara da inda suka yi tuntuɓe.

Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani, kuma jama'a sun amsa. Yau sama da shekara 40 ke nan, ba wanda zai ce ɗan Nijar bai iya fitar da tomati da albasa daga ƙasa ba. Saidawa ce har yanzu muka bar wa sa'a. Ba sai mun jira wani babban shiri daga waje ba. Kai malamin lakwal, ke ma'aikaciyar asibiti, akwai wani daga ƙauyenku ko na kusa da ke da garka, kuma lambarsa na cikin wayarku. Ku haɗu ku 10 a wurin aiki, ku kira shi da ƴan uwansa tun kafin lokacin dashe, ku zauna ku yanke kwando da farashi da rana, ku gwada wata guda. In ya yi, ku sanar da mu mu faɗa wa duniya. In bai yi ba, ku faɗa mana abin da ya hana, na bayanku su gyara.

Allah ya sa albarka a gumin manoma, ya ba mu ikon riƙon amana.